Layin Alli a Ƙofar Ofishina

A shekarun da nake ba ku labari, ni ne malamin da ke ba ɗalibai shawara kan aikin da za su nema, a wata sakandare a Mubi. Ina ji da kaina ƙwarai, ba na tsayawa sauraron yaro. Sakamakon jarrabawa kawai nake dubawa. Mai ƙoƙari in ce ya nemi jami'a, wanda lissafi ya kayar kuwa in tsayar da shi jikin ƙofar ofishina, inda na ja layin alli daidai tsawon da ake nema a aikin soja. Duk wanda kansa ya wuce layin, shi ke nan na gama masa shawara.

Wata rana wani ɗan ajin ƙarshe, ɗan makiyaya daga Wuro Patuji, ya shigo da littafin rubutu duk ya sha hannu. Ya ce karatun lafiyar dabbobi yake so, ya daɗe yana rubuta cututtukan shanun babansa da abin da ya warkar da su, in daure in duba. Na yi dariya, na ce shanu ba za su ci masa jarrabawar kimiyya ba. Na jefa littafin a durowa, na ce ya tsaya jikin ƙofa. Ya wuce layin da yatsa uku. Ni na cike masa fom, ni na je har gida na shawo kan mahaifinsa.

Shekarar da 'yan bindiga suka shigo gari muka watse, yana cikin sojojin da ba su dawo ba. Da muka koma na tarar an farfasa ofis, amma littafin na nan cikin durowa. Sai ranar na buɗe shi. Shafi bayan shafi, zanen kofato da baki, ganye da allura, kowace saniya da sunanta. Na zauna a ƙasa na yi ta kuka.

Na kai wa mahaifinsa littafin. Na so ya zage ni, wallahi da na ji sanyi. Ya jujjuya shi, bai iya karatu ba, sannan ya ce, "Malam, mu ba mu san boko ba. Abin da ka faɗa shi muka bi."

Ba aikin soja nake zargi ba, akwai masu sonsa har zuci. Shi ba shi yake so ba, kuma ya gaya mini. 'Yan'uwana malamai, idan yaro ya miƙo muku abin da ke ransa, ku buɗe ku duba kafin ku yanke masa hanya. Na goge allin da hannuna, amma har yau ina ganin inda kansa ya tsaya.