Baba Ajiye da Ɗakin "Ya Wuce"

Kowace safiya, kafin masu shagunan layin su buɗe, Baba Ajiye ya riga ya zare sakatar ƙofar cocinmu. Zai buɗe tagogi, ya share tsakanin benci da benci, ya goge teburin wa'azi, sannan ya tsaya ya yi faɗa da fankar da ke saman kujerun mawaƙa, wadda ba ta juyawa sai an zungure ta da sanda. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana wannan aiki. Ƙarshen watan nan zai miƙa makullai, don gwiwa ta ce ta gaji.

Sunan kuwa mu muka laƙaba masa, kuma ya ci sunansa. Ka ɗauki lanƙwasasshiyar ƙusa za ka wurgar, sai ka ji murya a bayanka: "Ajiye, ɗana, ajiye." Akwai wani ɗan ɗaki a bayan coci da ya cika maƙil da tarkace. Kowane abu a ciki Baba ya manna masa 'yar takarda, ya rubuta na wane ne, ya ƙara kalma biyu da manyan baƙaƙe: YA WUCE.

Kalmomin nan sun taɓa jefa sabon fastonmu cikin kunya. Makonsa na farko ya leƙa ɗakin, ya ga sandunan guragu an rubuta, "Na direba. Ya wuce." Ranar Lahadi bayan sujada ya nemi matar direba, ya sassauta murya.

"Mama, sai haƙuri. Ban sani ba ashe maigida ya wuce."

"Ya wuce ina, Fasto? Ga shi can yana gardamar ƙwallo!"

Aka kira Baba. Ko a jikinsa, ya ce, "Karayar ce ta wuce, Fasto, ba direban ba." Ashe haɗari direban ya yi, likita ya ce da wuya ya sake takawa, ya yi wata takwas a kwance ana zuwa yi masa addu'a. Ranar da ya shigo coci da ƙafafunsa ya jefar da sandunan a bakin ƙofa, Baba ya bi baya ya tsince.

To, da maganar ritayarsa ta taso, kwamitin gini ya ce ɗakin nan ofis ya dace da shi. Shugaban kwamitin mai kantin magani ne, mutum mai tsafta har a kan takalmi. Ya buga tebur ya ce, "A sana'ata, abin da aka rubuta wa ya wuce zubarwa ake yi!" Aka ɗaga hannu. Ba zan ɓoye ba, ni ne sakatare, na ɗaga nawa, kuma ni na kai wa Baba saƙon, ina ta kame-kame.

Bai yi musu ba. Abu ɗaya ya roƙa: a yi kwasar ranar Asabar da jama'a ke zuwa aikin tsafta, kuma shi zai riƙa fito da kayan da hannunsa. Shugaba ya ce wannan ai mai sauƙi ne, ya ɗauko hayar motar kwasar kaya.

Abu na farko da ya fito bokitai ne guda bakwai, duk sun huje. Shugabar mawaƙa ta dafe ƙirji ta ce, "Na shekarar da iska ta yaye rufi!" Nan take aka shiga tuna yadda muka yi damina guda muna sujada da lema a hannu, ruwa na ɗiga mata a ƙeya tana jan waƙa. Ta rungume bokiti ɗaya ta ce wanda ya isa ya zo ya karɓa. Sai ga ƙonannen kan keken ɗinki, na telarmu da shagonta ya yi gobara, wadda yau take da masu koyon aiki shida. Ta zauna a ƙasa tana dariya tana share hawaye. Mai mota ya kashe inji.

Can Baba ya fito da takalmi ƙafa ɗaya, an ɗaure tafinsa da waya. Ya gyara tabarau ya karanta da ƙarfi yadda na bakin titi ma zai ji: "Na mai magani. Ya wuce."

Na shugaba ne. Ashe shekara biyu ya yi yana yawo da takardunsa babu aiki, kuma wata Lahadi takalmin ya rabu biyu a ƙofar coci. Baba ne ya cire nasa ya ba shi, ya yini yana shara ba takalmi.

"Haba Baba, ai na ce ka yar."

"Ka faɗa, ɗana. Kunnen ne bai ji ba."

Shugaba ya karɓi takalminsa ya soke a hammata, bai sake buga tebur ba. Kafin rana ta take, kowa ya ɗauki nasa ya yi gida. Mota ta tafi da guntun tsintsiya, shi ma sai da aka riƙe Baba.

Na shiga ɗakin don in auna inda tebur zai zauna, sai na tarar da shi tsaye kan wata 'yar kujerar makarantar Lahadi mai ƙafa uku. Ita kaɗai ta rage, kuma babu takarda a jikinta. Na ce, "Baba, wannan ka manta ba ka rubuta mata ba."

Ya ce, "Ta 'yata ce. Shekararta shida. Mun yi addu'a, mun yi azumi, ba ta tashi ba. Wannan bai wuce ba, ɗana, ba zan rubuta ƙarya ba."

Na tambaya: to me za a tuna da ita?

"Shekara ashirin da huɗu ke nan da rasuwarta. Kullum da safe nakan tashi in buɗe ƙofar nan. Kana tsammani da ƙarfina ne?"

Na mayar da abin awona cikin aljihu. Kunya ta kama ni, irin wadda ban taɓa ji ba. An yi ofis, amma kujerar tana nan a kusurwa, kuma shugaba da kansa ya sa a rubuta hakan cikin rahoton taro.

Baba, kai ne ma'ajinmu da ba a zaɓa ba. Mu mun iya kuka idan wahala ta zo, mun kuma iya mantuwa idan ta tafi. Kai ne ka riƙa bin bayanmu kana tsince shaidar amincin Allah da muke zubarwa. Kai ne ka nuna mana cewa amincin nan yana nan a wahalar da ta wuce, yana nan kuma a wadda ta ƙi wucewa. Mun gode, Ubangiji ya saka maka, ya sassauta wa gwiwar nan.

Ku kuma 'yan'uwa, ban ce ku mai da gidajenku juji ba, kada matanku su biyo ni. Amma kowa ya ajiye abu ɗaya daga ranar da ya ɗauka ba zai kai gobe ba. Wata rana ɗanka zai tambaye ka na mene ne, sai ka zaunar da shi ka gaya masa wanda ya riƙe ka.