Hannun Yaya Bukar da armoniyon kakanmu

Ina alwalar azahar Fanna, matar yayana, ta bugo waya ta ce, "Modu, yayanka ya cika." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Yaya Bukar ke nan, mai gyaran keken ɗinki a Birni, wanda ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu.

Kakanmu falke ne. Daga Tarabulus ya ɗauko armoniyon nan a bayan raƙumi. Akwatin kiɗa ne na katako, a taka da ƙafa ya shaƙi iska, a danna fararen haƙoransa ya yi kuka. Ɓeraye suka cinye zugazugin cikinsa, ya yi shekaru a bebe. A shekarar babban fari, da yunwa ta kashe akuyarmu, Yaya ya jeme fatarta ya ɗinka masa sabo.

Kuskurensa ɗaya: ranar roƙon ruwa ya gwada shi. Mun dawo daga fili, riguna a juye, ba takalmi, baki a bushe, sai ga kiɗa daga zaurenmu. Wani ya ce, "To, ga abin da ya tsare mana sama." Jama'a ta afka. Ni kuwa, don kar a ce da ni a ciki, na fizgi taɓarya. Bugun farko murfin ya tsage. Yaya ya kifa a kai yana cewa, "Modu, na Kaka ne." Na biyu ya sauka a hannunsa na dama. Na ji karayar ƙashi, na ga jini a kan haƙoran nan, kuma wallahi ban tsaya ba, sai da na ƙara na uku. Ruwan ma bai zo ba.

Maɗori ya yi iyakar ƙoƙarinsa, amma yatsu uku suka ƙage. Da Yaya ya warware ya kira ni, ina jiran zagi, sai ya miƙo mini magagari ya ce, "Hannuna ba ya riƙewa. Zauna." Shekara biyu ina goge harsunan tagullar da ke ba da sautin, shi yana kasa kunne. In na matsa da ƙarfi ya ce, "A hankali, tagulla ba ta son fushi." Armoniyon ya tashi, amma shi bai sake kaɗa shi ba, sai 'yarsa Yagana da ta girma. Duk wanda ya tambayi hannun, amsarsa ɗaya: "Ƙofa ce ta datse ni."

Jiya ni na yi masa wanka. Na yi na yi in miƙe yatsun nan, suka ƙi. Fanna, Yagana, ba ƙofa ba ce. Ni ne. Ku yafe mini.

Allah Ya jiƙan Yaya Bukar, Ya rufa masa asiri kamar yadda ya rufa mini, Ya ba iyalinsa haƙuri. Amin.