Ko Sannu Babu

Santsi ne ya kwashe ni a bakin tekun Chesapeake, na zube a gaban ƙungiyar masu tattakin da 'yata Hafsat ta ja ni cikinsu. Gwiwata na ta jini.

Wata Baturiya ta miƙo min filasta. Ni kuwa bakin Hafsat nake kallo.

Da Turanci ta ce, "Mama, tashi mana, ana jiranmu."

Na ce, "Hafsat, ko sannu babu?"

Ta ɗaga kafaɗa. "Sannun me? Ai ba ki karye ba."

Kowa na ɗaukar hoton ruwa, ni ina share hawaye, kuma wallahi ba na gwiwa ba ne. Ran da ciwon ajali ya kwantar da ni a ƙasar nan, wa zai ce min sannu?

Iyaye, haka naku suke?