Tagar Yaya

Maƙwabcina mai gilashi ne. Tun yana ɗan saurayi yake yanka shi, har yanzu da furfura ta cinye masa gemu. Idan ka ba shi hannu kuka gaisa, sai ka ji tafinsa kamar ɓawon itace, duk ƙananan tabo ne, kowanne da ranar da aka yi shi. Sana'ar ta shiga jikinsa har ta sauya masa tafiya. Ko ba ya ɗauke da komai, a karkace yake shiga ƙofa, kafaɗa ɗaya a gaba, kamar akwai wani abu marar launi a hammatarsa da yake tsoron ya taɓa bango.

Shagonsa yana cikin wani siririn lungu bayan masu sayar da fenti. Babban tebur ne a tsakiya, an lulluɓe shi da tsohon bargo, gilasai kuma na jingine a bango suna raba hasken safiya a tsakaninsu. Abu ɗaya mutumin nan ya tsana a duniya: yashi. Ya ce ƙwaya ɗaya tal a kan tebur ta isa ta ja wa gilashi layin da babu mai goge shi har abada. Don haka ba a shiga shagonsa da takalmi, kuma kafin ya kwantar da gilashi sai ya shafe bargon da tafin hannu, a hankali, kamar mai lallashin jariri.

Mahaifiyarsu ta rasu yana ƙarami, yayarsa ce ta raine shi. Ita ta kama hannunsa ta kai shi koyon sana'a, ita ta riƙa ɗaure masa yatsu da tsumma a shekarun farko. Yaya, haka kowa ke kiranta, har mu da ba ta haɗa komai da mu ba. Gidanta yana kan wani tudu, can bayan inda kwalta ta ƙare, lambunta na lemo da gwaiba ya gangara har bakin rafi. Mace ce mai faɗa. Tana yi wa awaki faɗa, tana yi wa jikoki, tana yi wa girgije idan ya yi jinkiri.

Da ƙafafunta suka gaza, sai duniyarta ta koma gado da rufin ɗaki. Tagar ɗakin 'yar ƙarama ce, can sama kusa da kwano. Mai gilashi ya je gaishe ta, ta ce masa, "Ina jin tsuntsaye, ina jin awaki, amma ban ga komai ba." Nan take ya yi mata alkawarin taga daidai gadonta, daga gwiwa zuwa sama da kai, gilashi guda babu haɗi, don kada wata sanda ta gitta mata a ido.

Magini ya fasa bango, ya kafa firam ɗin taga. Gilashin farko ya fashe a motar haya tun kafin a kai rafi. Na biyu ya tsallake rafin, ya tsage a gindin tudu. Aka toshe ramin da katako, ƙaramar tagar kuma ta riga ta tafi wajen fasa bangon, sai ɗakin ya fi da duhu. Damina ta matso, hanyar kuwa da ruwa ya zauna ba ta biyuwa. Magini ya aiko cewa idan gilashi bai zo ba kafin ruwa, zai mayar da bulo ya rufe. Amma abin da ya fi tayar wa maƙwabcina hankali shi ne saƙon 'yar Yaya: "Kawu, ta fa daina faɗa."

Sai ya ce zai sayi motarsa.

Gida ya rabu. Ɗansa yana son ƙatuwar akori-kura, irin wadda sai an yi tsalle ake hawa. Matarsa, malamar makaranta ce, tana son 'yar ƙaramar mota mai sauƙin shan mai. Mai gilashi ya bar su suna gardama. Ya ɗauki tef ɗinsa ya auna faɗin lungun shago, ya auna gilashin Yaya na uku, ya tafi wurin masu sayar da motoci ya yi ta aune-aune har suka zaci tela ne. Ya dawo da matsakaiciya, mai ƙofa huɗu da buɗaɗɗen baya, kalar ruwan toka.

Ranar da ta shigo layinmu, kowa ya fito. Mata suna leƙe ta ƙofa, tsofaffi muna buga mata taya da sanda kamar mun san wani abu. Da ya nufi lungun shago da ita muka bi shi a baya muna ihu, "Dama! Dama! Tsaya! Taho!" Ta shige sumul, tazarar tafin hannu a kowane gefe. Mai gilashi ya fito a karkace, yana dariya har da hawaye.

Abin mamaki, wadda ta fi ƙin motar ita ta mallake ta. Kullum da safe Malama ce a sitiyari. Ta sauke shi a shago, ta wuce makaranta, ta biyo ta kasuwa da yamma, baya cike da buhuna da jarkoki, wani lokaci har da keken ɗinkin wata maƙwabciya. Ta iya cusa ta tsakanin motoci biyu a bakin kasuwa kamar zare a allura. Tana zaune can sama tana kallon cunkoso ta kan rufin ƙananan motoci, ta ce yanzu ne ta san abin da raƙumi ke gani. Shi kuwa ya daina kiran matar tasa da komai sai Direba.

Ranar tafiya ya ce shi zai tuƙa. Tun da sassafe ya wanke bayan motar, ya share, ya sake sharewa. Ya fitar da tayar safaya, ya fitar da jak, ya fitar da duk wani abu da zai iya motsi. Ya je aka ɗura wa tayoyi iska suka yi tauri kamar dutse. Sannan ya kafa jakinsa, wani abin jingina na katako da ya haɗa da kansa, ya tsayar da gilashin a kan gefensa, domin gilashi a tsaye yake tafiya, idan aka kwantar da shi nauyin kansa ne zai karya shi. Ya naɗe shi da barguna, ya ɗaure.

Mu huɗu ne. Shi da Malama a gaba. A kujerar baya ni, da ƙanin Malama, mai gidan burodi, mutum mai faɗin ƙirji da faɗin ciki, wanda ba ya iya ganin mijin yayarsa bai tsokane shi ba.

A kan kwalta tafiya ta yi daɗi. Mai burodi yana waƙa, iska tana shigowa da ƙamshin ƙasar da aka yi wa yayyafi a wani wuri. Can gabas girgije ya fara tara kayansa. Muna sauka daga kwalta abin ya canja. Hanyar duk ƙananan kunyoyi ce, bayan motar ya fara tsalle kamar ɗan akuya. Sai muka ji wani sauti siriri yana fitowa daga cikin barguna, kamar an kewaya bakin kofi da jiƙaƙƙen yatsa.

Mai gilashi ya taka birki. Ya kasa kunne.

"Kun ji? Haka na biyun ya yi kafin ya tafi."

"Ashe gilashin naka ma mawaƙi ne," in ji mai burodi. "Ya fi ka murya."

"Rufe mini baki, buhun fulawa."

Malama ta juyo. "Tun daga gida nake son in yi magana, ka ce in yi shiru kada in ɗaga wa gilashi hankali. Maigida, motar nan ba ta son zaman banza. Da safe idan na fita babu kaya, haka take girgiza ni har haƙorana su haɗu. Da yamma idan na loda mata buhuna sai ta kwanta luf, kamar katifa. Kai kuma ka kwashe mata komai, ka cika mata ƙafafu da iska. Me kake so ta yi?"

"To ina zan samo kaya a dajin nan?"

Ta nuna masa da haɓa. A gabanmu kaɗan rafi ne, bakinsa shimfiɗe da farin yashi yana ƙyalli.

Ya dubi yashin, ya dube ta. "Direba, yashi? Kusa da gilashina?"

"Ko yashi, ko ka koma ka yanko na huɗu. Ga sama can, ka tambaye ta ko za ta jira ka."

Ya daɗe yana kallon girgijen. Sannan ya tuɓe takalmansa, ya naɗe ƙafar wando.

Buhunan cefanen Malama suna ƙarƙashin kujera, su kaɗai suka tsira daga sharar safe. Muka gangara da ƙafa muka cika su. Ban taɓa ganin mutum yana ɗibar yashi da irin wannan fuska ba, kamar an sa shi ya goya maƙiyinsa. Kowane buhu shi ya ɗaure bakinsa, ya kakkaɓe shi, ya goge da rigarsa, ya jera su daidai kan tayoyin baya. Malama ta tsuguna da ɗan tsinke ta rage wa tayoyi iska har suka ɗan yi kumatu. Motar ta zauna kaɗan, amma ta ce bai isa ba. Ta dubi ƙaninta daga sama har ƙasa.

"Kai, hau baya."

"Ni kaya ne?"

"Yau dai cikin nan zai yi amfani," in ji mai gilashi, ya fara dawowa hayyacinsa. "Shekara nawa muna ciyar da shi."

Ni ma aka ce in hau, ko da yake nauyina bai wuce na sandata ba. Mai gilashi ya miƙa wa matarsa makulli ba tare da an tambaye shi ba, ya haye baya, ya durƙusa ya rungume gilashinsa, kunne a jikin bargo.

Kai, wannan tafiya! Motar da ɗazu take harbi ta koma tana lilo kamar kwalekwale. Malama ta sa mata taimako, giyar da ke sa ƙafafu huɗun su ja tare, ta shiga rafin a hankali, ruwa yana tsagewa gida biyu yana watsa mana sanyi a fuska. Farar balbela ta tashi daga cikin ciyawa. Mai burodi ya ɗaga hannu sama yana ihu kamar yaro, ni kuma na tsinci kaina ina dariyar da na manta ina da ita.

"Yana magana?" Malama ta ƙwala daga gaba.

"Ya yi shiru!" in ji mijinta. "Direba, ya yi shiru! Ci gaba haka!"

Gindin tudu ne wurin da na biyu ya tsage. Ruwan bara ya haƙa kwari a tsakiyar hanya, duwatsu sun fito da kawunansu. Ta ɗora tayoyi a kan kafaɗun kwarin, ta hau da taku ɗaya, ba ta ƙara wuta ba, ba ta rage ba. A tsakiyar hawan motar ta karkata, tayar baya ta hagu ta fara juyawa a banza tana tofar da tsakuwa.

"Hagu! Buhun fulawa, koma hagu!" in ji mai gilashi.

Mai burodi ya mirgina da dukkan abin da Allah ya ba shi ya faɗa kan kusurwar. Tayar ta ciji ƙasa. Muka ji motar ta ja numfashi, ta yunƙura, ta haye. Ga rufin gidan Yaya, ga magini tsaye a ƙofa da bulo jere a gefensa.

Aka cire katako. Aka kwance barguna ɗaya bayan ɗaya, gilashin ya fito lafiyayye, sama da itatuwa suna yawo a cikinsa. Mutum biyu suka ɗauke shi, a karkace, suka zaunar da shi a firam. Haske ya shiga ɗakin gaba ɗaya, ya hau gado, ya sami Yaya ta ƙanƙance a cikin mayafi, ido a rufe.

Mai gilashi yana gogewa sai ya tsaya cak. A kusurwar ƙasa akwai ɗan layi siriri, bai kai tsawon farce ba. Ƙwaya ɗaya ta sami hanya.

Ya durƙusa gaban gadon. "Yaya, na kawo. Amma ki yi haƙuri, akwai ɗan ƙarce a ƙasa. Yashi ne ya..."

Ta buɗe ido. Ta daɗe tana ƙifta su.

"Matsa," ta ce. "Ka tare mini."

Ya matsa. 'Yarta ta ɗaga ta, ta sa mata matashi a baya. Yaya ta dubi lambun daga sama har rafi, bishiya bayan bishiya, leɓɓanta suna motsi. Sai muka ga girarta ta haɗu.

"Wane ne ya sassabe mini gwaibar tsakiya haka kamar an yi wa mahaukaci aski? Ke! Waccan ba jar akuyar ba ce a cikin lemona? Kuna tsaye kuna kallona? Wato da na kwanta sai kuka mayar da lambun nan kasuwa!"

Jikoki suka watse da gudu, 'yarta tana dariya tana share hawaye da gefen mayafi. Mai gilashi ya zauna daɓas a ƙasa, yana cewa, "Ƙara, Yaya. Ƙara musu." Ta juyo kansa, ta ce shi kuma dubi ƙafafunsa, duk yashi, a ɗakinta. Ɗigon ruwan sama na farko ya bugi gilashin, ya gangaro a hankali, ta bi shi da ido har ƙasa.

Malama ta leƙo ta ce idan ba mu so mu yi damina a kan tudu, mu fito yanzu. Muka sauko ruwa yana bin mu a baya.

Buhu biyu daga cikin buhunan nan suna bayan motar har yau. Kowace safiya, kafin Direba ta tayar, nakan hango shi ta katanga yana duba ɗaurin bakinsu. Har yanzu ba a shiga shagonsa da takalmi.