Albarkar da Fada Ya Bar wa Yashim

Patrick Yashim, mazaunin Germantown can ƙasar waje, mutumin kudancin Kaduna ne, amma a ganinsa rabinsa ɗan Ayalan ne, tunda wani Fada, limamin coci daga can, shi ya yi masa baftisma, ya kuma koyar da shi a makaranta. Sauran ɗaliban Fadan sun fito da kyan rubutu da kiyaye lokaci, irin na makarantun da. Shi kuwa abin da ya tsira da shi kawai shi ne "Dun do bel." Kullum Fada yakan dafa kansa a aji ya faɗa masa haka, saboda haka ya ɗauka albarka ce. Da ita yake rufe addu'ar abinci, da ita ya sallami 'yarsa Lizzy ranar aurenta.

Bana ya ja matarsa Olive zuwa babban bikin da jikokin mutanen Ayalan da Sukotlan suke yi duk shekara, ana busa algaitar jaka ana rawa. Ya kafa koriyar hula, ya nufi rumfar masu koyar da harshen Ayalan, ya dafa ƙirji ya sa wa wata tsohuwa albarkar nan tasa.

Tsohuwar ta yi dariya har da hawaye. Ta ce ma'anarta "rufe bakinka", abin da ake ce wa yaro mai surutu.

Yashim ya gyara hula, ya ce wataƙila a garin su Fada ba haka ake nufi ba.

Olive ta dube shi. "Baban Lizzy, ashe tun aurenmu rufe baki kake ce mana muna cewa amin? Daga yau ni zan riƙa yin addu'ar abinci."