Ƙugiyar Alhaji Ɗanladi

Malam Sammani ya fara aikin buga takardu da tafireta a bakin wata ma'aikata, kafin ya kama shago a Ƙofar Kwaya ya sayi kwamfuta. Shekara talatin yana buga sunayen mutane, ba a taɓa dawo masa da takarda saboda kuskure ba, kuma duk wanda ya zauna a bencinsa sai ya ji wannan labari.

Yana da fayil guda da yake kira uwar kati. Furanni da layuka da bismilla duk suna ciki, sunaye da rana kawai yake canzawa. Da mutane suka koma raba gayyata ta waya, sai ya riƙa tura musu fayil ɗin yadda yake.

Ran nan Alhaji Ɗanladi, shugaban 'yan hatsi na unguwar, ya shigo da waya a hannu, bai ko ƙarasa gaisuwa ba. Katin walimar saukar Alƙur'ani ta 'yarsa ne. A wayarsa harafin farko na sunansa, mai ƙugiyar nan, ya zama ɗan akwati.

"Malam, wane ne anladi?" in ji shi. "Tun safe abokan wasana ke kirana da shi. In haka aikin ya koma, ni da mutanena sai mu nemi wani shagon."

Malam Sammani ya nuna masa kwamfuta, ga ƙugiya nan daram. Alhaji ya ce shi ba kwamfuta ya gayyata walima ba.

Hajiya Saudatu, mai sayar da wayoyi a shagon da ke jikin nasa, ita ta warware masa bayan Alhaji ya fita. Wayar ce ba ta san irin rubutun da ya zaɓa ba. In ya mayar da katin hoto, kowace waya za ta nuna shi yadda ya bar shi. Ta koya masa: ya adana fayil ɗin a PDF, daga nan ya juya shi zuwa JPG, wato hoto. Nan take ya kira Alhaji.

"Ranka ya daɗe, a zo gobe da hantsi, hoto za a yi."

Washegari sai ga Alhaji cikin babbar riga mai aiki, da hula sabuwa, ƙamshin turare ya riga shi shigowa.

"To, ina zan tsaya?"

Malam Sammani ya dubi rigar, ya dubi linzamin kwamfuta. Aikin bai fi minti biyu ba, amma mutumin da aka yi kwana guda ana yi wa dariya ba a ƙara masa wata. Ya miƙa masa bugaggen kati.

"A riƙe shi a ƙirji, Alhaji. A ɗaga haɓa."

Hajiya Saudatu ta ɗauke shi hoto da wayarta tana cije leɓe kar dariya ta ƙwace mata. Malam Sammani kuwa ya juya fayil ɗin, aka tura wa Alhaji hotunan biyu. Ya buɗe katin ya ga sunansa cikakke, sannan ya daɗe yana kallon ɗayan.

"Ashe sai mutum ya zo da kansa harafin ke zama," in ji shi.

'Yan hatsi ba su bar shagon ba. Sai dai yanzu duk mai son kati cikin babbar riga yake zuwa, har Malam Sammani ya sayi shuɗin labule ya rataya bayan firinta.