Alkasum Mai Jan Hannu

A Bazaga, in ka hangi dattijo da jan tafin hannu da damina, ba lalle ya ƙunsa ba, Alkasum ne. Shekara talatin babu ƙwayar irin da ta shiga gonarsa ba tare da ya yi mata wanka da jan garin magani na kasuwar Konni ba. A wajensa, maganin da bai sa hawaye ba wasan yara ne.

Duk da haka gujiyarsa, wato gyaɗa, ba ta fasa fumfuna mai dafi ba. Bara ƙungiyar mata masu matsar mai suka mayar masa da ita buhu-buhu. Shugabar ƙungiyar kuwa matarsa ce, Ummul Khairi. Ta ce in bana ma haka ne, ta ƙanensa Sadiƙu za ta saya, kowa ya ji.

Ana nan sai ga Muttaƙa malamin gona da gasasshiyar dawa a leda. Ya ce an shafa mata fumfuna ta kirki. In aka watsa a gona kafin gujiya ta yi fure, za ta cika wurin, mai dafin ta rasa masauki.

"Yaro, ruɓa ka korar ruɓa?" in ji Alkasum. "A lakwal, makarantar bokonku, anka koya muku hakanga?"

"Baba, watsawa kawai za ka yi. Don Allah kar ka ƙara komi."

Alkasum ya shinshina. Ko atishawa babu. Tausayi ya kama shi: an turo dawar Allah fagen fama tsirara. Ya zube ta a ƙwarya, ya ba ta jan magani hannu biyu, ya cuɗa da kyau, ya watsa. Wato ya gayyato masu gadi, ya yanka su a bakin gona.

Da kaka Ummul Khairi ta ɓare kwanso uku a gaban mata. Duk kore.

"Malam, mi ka yi ma dawar mutane?"

"Ƙarfi na ƙara mata."

"Sannu da aiki, likita. A kira min Sadiƙu."

Sadiƙu dai ya watsa tasa yadda aka ce, don ragwanci ya hana shi ƙara dabara. Yanzu da man gujiyarsa ake yi wa Alkasum miya. Yakan ce man ba shi da armashi, sannan ya miƙo kwano a ƙara.